Ko Kaifin Ƙwaƙwalwa Kaɗai Ke Yin Injiniya?

'Yan'uwana 'yan makaranta, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, musamman a lokacin da ake raba 'yan aji huɗu tsakanin sashen kimiyya da sauran sassa. Sai ka ji yaro ya ce, "Ni ba ni da kan lissafi, karatun injiniya sai masu ƙwaƙwalwa." Da wannan magana guda ya rufe wa kansa ƙofa, tun bai ƙwanƙwasa ba. Shi ya sa na ga ya kamata in jawo hankalinmu ga wannan tambaya: shin kaifin basira shi ne ke yanke hukuncin wanda zai ci nasara a karatun injiniya da wanda zai fāɗi?

Tambayar ta shafe mu ƙwarai, mu mutanen Sandamu da sauran ƙasar Daura. A watan Disamba na 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Layin dogo kuwa yana bukatar masu duba gadoji, da masu gyaran kan jirgi, da masu kula da lantarki, shekara da shekaru. In duk muka ce ba mu da ƙwaƙwalwa, to, za mu zama 'yan kallo a ƙofar gidanmu.

Da farko bari mu ba basira haƙƙinta. Allah bai yi mu daidai ba. Wani akan yi masa bayani sau ɗaya ya gane, wani sai an maimaita sau uku. Karatun injiniya kuwa cike yake da lissafi. Kafin a ɗauki ɗalibi a jami'a, sai ya sami sakamako mai kyau a darussa biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fizis da kemistiri, sa'an nan ya ci jarrabawar JAMB. Bayan haka ya yi shekara biyar yana fama. Saboda haka wanda ya ce basira ba ta da amfani a nan bai faɗi gaskiya ba. Abin da nake musu a kai shi ne a ce ita kaɗai ce ke yanke hukunci.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. A 1921 wani malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, mai suna Lewis Terman, ya auna basirar yara masu yawan gaske, ya tsame kimanin 1,500 waɗanda suka fi kowa maki, aka yi ta bin rayuwarsu har suka tsufa. Da yawa daga cikinsu sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a. Amma ga abin mamaki. Cikin yaran da aka auna aka ce makinsu bai kai ba, akwai William Shockley da Luis Alvarez. Shockley na cikin mutum uku da suka ƙago tiransista, ɗan ƙaramin abin nan da ke cikin kowace rediyo da wayar hannu, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a 1956. Alvarez ya sami tasa a 1968. Cikin zaɓaɓɓun Terman kuwa babu ko ɗaya da ya same ta. Ashe ma'aunin basira yakan auna wani abu, ya bar wani.

A 2005 kuma waɗansu masana biyu, Angela Duckworth da Martin Seligman, sun yi bincike a kan 'yan makaranta masu kimanin shekara 13. Sun tarar iya riƙe kai, wato yin aikin gida a kan lokaci da barin wasa don karatu, ya fi makin gwajin basira nuna wanda zai yi fice a ƙarshen shekara.

To, me ya sa haka? A ganina amsar tana cikin irin ginin da ake yi wa karatun injiniya. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin magina a garinmu ya san ba a tā da bango rana ɗaya. Akan jera tubali sahu kaɗan, a yaɓe, a bari ya sha iska, kashegari a ɗora. In aka yi gaggawa aka ɗora a kan ɗanyen gini, komai gwanintar magini sai bango ya tsage. Haka lissafi yake. Wanda bai iya sulusi da rubu'i da ɗigon goma ba, aljabara za ta gagare shi. Wanda aljabara ta gagara, ba zai iya kalkulos ba, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa. Wanda kuwa bai iya wannan ba, ina zai san nauyin da gada za ta ɗauka? Sau da yawa yaron da ake kira daƙiƙi wani sahu ne aka tsallake masa tun yana aji ɗaya, wataƙila lokacin da ya yi rashin lafiya, ko damina ta tsare shi a gona. Wannan rami ne da za a iya cikewa.

Bari in kawo misali daga layin dogon kansa. Ƙarfe yakan ƙara tsawo in ya ji zafi. Kowace mita guda tana ƙaruwa da kimanin mita 0.000012 a duk digiri ɗaya da zafi ya hau. A ce muna da ƙarfen dogo mai tsawon mita 100, zafinsa ya hau da digiri 30 tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar bazara. Sai mu ninka 100 da 0.000012 da 30, mu sami mita 0.036, wato santimita 3.6. Dole injiniya ya san da wannan ƙari, ko dai ya bar masa sarari, ko ya ɗaure ƙarfen yadda ba zai lanƙwashe ba. Ku duba fa, ba komai a cikin wannan lissafi sai ninkawa, wadda muka koya tun a firamare. Amma in aka gusar da ɗigo wuri ɗaya, amsa ta koma santimita 36 ko milimita 3.6, duk kuwa kuskure ne mai iya kifar da jirgi. Yaro mai kaifin kai amma mai garaje ya fi saurin faɗawa wannan rami bisa ga mai natsuwa wanda ke sake duba aikinsa.

Bayan harsashin lissafi, abu na biyu shi ne iya ganin siffar abu a zuci, a juya shi ta gaba da baya da sama, tun ba a ƙera shi ba. Wannan shi ne tushen zanen fasaha. Dā ana zaton baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita. Amma a 1993 wata malamar injiniya, Sheryl Sorby, tare da abokiyar aikinta, suka buɗe wani darasi na 'yan makonni a wata jami'ar fasaha da ke jihar Mishigan ta Amurka, domin sababbin ɗalibai da suka kasa a gwajin wannan fanni. Aka yi ta sa su zane da juya siffofi. Makinsu ya hau, kuma waɗanda suka yi darasin, musamman mata, sun fi tsayawa har su gama karatun. Kakanninmu ma ta wannan hanya suka koya. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da ƙasa da azara, da bakan gizo masu ɗauke da rufi mai nauyi. Magina irinsa tun suna yara suke miƙa tubali, suna kallo, suna gwadawa, har ido ya faɗa.

Abu na uku shi ne karatu cikin jama'a. Wajen 1975 wani malamin lissafi, Uri Treisman, ya lura a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili cewa ɗalibai baƙar fata masu ƙwazo suna fāɗuwa a kalkulos, alhali 'yan asalin ƙasar Sin suna ci. Da ya bi sawunsu sai ya ga na farkon kowa shi kaɗai yake karatu a ɗakinsa, na biyun kuwa sukan taru da yamma su yi ta gyara wa juna. Da ya shirya wa na farkon zaman aiki tare, sai sakamakonsu ya sauya. Hausawa sun riga shi faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, matambayi kuma ba ya ɓata.

Abu na huɗu shi ne naci. George Stephenson, wanda ake kira uban layin dogo, an haife shi a Ingila a 1781, ɗan ma'aikacin ramin kwal. Bai iya karatu da rubutu ba sai da ya kai shekara 18, ya shiga makarantar dare da kuɗin guminsa. A 1825 kan jirgin da ya ƙera ya ja fasinja tsakanin Stockton da Darlington. Faɗin layin da ya saba aiki da shi, milimita 1,435, shi ne yawancin ƙasashen duniya ke bi, shi ne kuma aka tsara wa layin Kano zuwa Maraɗi. Da an auna shi yana ɗan shekara 15, wa zai ce zai zama wani abu?

Ban manta da wahalhalunmu ba. Makarantun karkara da yawa suna fama da ƙarancin malaman kimiyya da kayan gwaji, ga Turanci da ke tsaya wa yaro a wuya, har ya kasa gane tambayar da ya san amsarta. Waɗannan matsaloli ne na gaske, hukuma da iyaye suna da nasu nauyin. Amma ba su nuna cewa kanmu ne bai ja ba.

Saboda haka ga shawarata ga mai sha'awar wannan fanni, namiji ko mace. Na ɗaya, ka koma baya ba tare da jin kunya ba, ka ɗauko littafin lissafin aji ɗaya da na biyu, ka nemo inda ka fara ɓacewa. Na biyu, ka riƙa warware tambayoyi ko da biyar ne kowace rana da alƙalaminka, don lissafi ba a koyonsa da kallo. Da yayyafi kogi kan cika. Na uku, ka keɓe littafi guda na kurakuranka, ka rubuta abin da ka ɓata da dalilinsa, ka riƙa dubawa duk mako. Na huɗu, ku haɗu ku uku ko huɗu bayan la'asar, kowa ya yi wa saura bayanin tambaya guda da Hausa, sa'an nan ya rubuta ta da Turanci. Na biyar, in an yi hutu ka je wurin maƙeri ko bakanike ko mai walda, ka gaishe shi, ka nemi izinin kallo, ka zana abin da ka gani ta gaba da ta gefe da ta sama. Ko a jami'a ma sai an tura ɗalibin injiniya masana'anta ya yi watanni yana aiki da hannunsa. Kada a jira sai jarrabawa ta ƙarato, don ba a fafe gora ranar tafiya.

A ƙarshe, basira kamar gona ce mai kyau. Wanda ya gāje ta ya yi sa'a, amma in ya kwanta ciyawa ce za ta cinye ta, maƙwabcinsa mai jigawa kuwa ya kai taki, ya yi noma a kan kari, ya cika rumbu. Mai saurin ganewa kada ya yi alfahari, mai jinkiri kuma kada ya fid da rai, gama yau da gobe kan sa allura ginin rijiya. Allah Ya buɗa mana basira, Ya ba mu juriyar aiki da ita, Ya sa mu amfani ƙasarmu, amin.