DARASI: YADDA GIDAJEN CACA SUKE CIN RIBARSU

Mutane da dama suna tsammani gidan caca, wanda Turawa ke kira kasino, wurin gwada sa'a ne. Amma a wurin mai gidan, kasuwanci ne da aka kafa bisa lissafi.

Bari mu ɗauki misalin gidan cacar Monte Kalo a ƙasar Monako, wanda aka kafa kamfaninsa a 1863. A can akwai wani faifai mai juyawa da ake kira rulet, mai ramuka 37, daga 0 zuwa 36. Akan jefa 'yar ƙwallo ta faɗa rami ɗaya. Wanda ya canki lambar, sai a ba shi ninki 35 na abin da ya zuba, haɗe da uwar kuɗinsa. To, in mutum ya zuba Yuro 1 a kan kowace lamba, ya kashe Yuro 37 ke nan. Lalle zai ci, amma Yuro 36 kaɗai zai karɓa. Guda ɗayan nan da ya ɓace, wato kashi 2.7 cikin ɗari, shi ne rabon gida. Faifan Amurka yana da ramuka 38, saboda haka rabon ya haura kashi 5.

Ashe mai gida ba ya tsoron wanda ya ci yau. Bukatarsa dai a daɗe ana wasa. Shi ya sa akan canja wa mutum kuɗinsa da 'yan faya-faye, don kada ya ji zafin rabuwa da su. Gidaje da yawa kuma sukan ba da abin sha kyauta, ba sa rataye agogo. Mu lura cewa dokar Monako ta hana 'yan ƙasar yin caca a gidan. Cacar ƙwallo da ta shigo wayoyin matasanmu ma bisa irin wannan lissafi take tafiya.

Katekism na Eklesiya Katolika na 1992, a sakin layi na 2413, ƙarƙashin Doka ta Bakwai, bai ɗauki wasan sa'a a kan zunubi a karan kansa ba. Amma ya koyar cewa yakan zama laifi sa'ad da ya raba mutum da abin biyan bukatarsa da ta iyalinsa, kuma jarabarsa tana iya mai da mutum bawa.

Saboda haka, kuɗin abinci, da na makaranta, da na magani amana ce, ba abin zubawa ba ne. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda jarabar ta riga ta kama, kada mu yi masa dariya. Mu raka shi wurin Fada, mu taimaki iyalinsa.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.