Jirgin ƙasa a tsakiyar birni

Adis Ababa shi ne babban birnin ƙasar Habasha. A nan ne mazaunin Tarayyar Afirka yake. Birni ne bisa tudu, mai sanyi, kuma mutanensa sun fi miliyan 3.

Da sassafe kowa yana son ya fita. Ma'aikaci zai tafi wurin aiki, ɗan makaranta zai tafi lakwal, mai sayar da tumatur za ta tafi kasuwar Markato. Yawancinsu ba su da mota. Sai su tsaya a bakin hanya, su yi dogon layi suna jiran bas ko ƙaramar motar haya. In motar ta zo, kafin a ce me, ta cika. Waɗanda suka samu shiga ma ba su huta ba, don motoci sun cushe hanya, suna tafiya kamar hawainiya. Yaro ya isa aji an riga an fara darasi.

Me ya kamata a yi? Wasu suka ce a faɗaɗa hanyoyi. Amma faɗaɗa hanya sai an rushe gidaje da kantuna, kuma in hanya ta yi faɗi, motoci sukan ƙaru su sake cika ta. Sai gwamnati ta zaɓi ta shimfiɗa hanyar ƙarfe a cikin birnin, ta sa ƙaramin jirgin ƙasa.

Wannan jirgi ba irin mai zuwa gari da gari ba ne, mai jan buhunan hatsi da shanu. Gajere ne, mutane kaɗai yake ɗauka, kuma yana tsayawa a unguwa bayan unguwa. Ba ya shan isansi ko gazuwal. Akwai waya a samansa, daga ita yake jan wutar lantarki. Saboda haka ba ya fitar da hayaƙin da ke sa tari. Habasha kuwa daga madatsun ruwa take samun yawancin lantarkinta, amma man mota sai ta sayo shi daga waje da kuɗi masu yawa.

Babban amfaninsa shi ne wuri. Ƙaramar motar haya ta Adis Ababa tana ɗaukar kamar mutum 12. Jirgi ɗaya yana iya ɗaukar fiye da mutum 250. Ke nan sai an jera motoci fiye da 20 kafin su kwashe mutanen da jirgi ɗaya ya kwasa. Ga shi kuma yana da hanyarsa shi kaɗai. A wasu wurare tana bin tsakiyar titi, a wasu wurare an ɗaga ta bisa gada. Fasinja yana zaune, yana hangen motoci a ƙasa sun tsaya cik.

Wani kamfanin ƙasar Sin ne ya yi aikin. An buɗe shi a watan Satumba na shekarar 2015. Layi biyu ne, ɗaya daga gabas zuwa yamma, ɗaya daga arewa zuwa kudu. Tsawonsu ya wuce kilomita 30, da tasha 39. Kuɗin tikiti ba shi da yawa, don talaka ya iya shiga.

To, amma abin ba arha ba ne. Ya ci dalar Amurka miliyan 475, kuma mafi yawan kuɗin bashi ne daga wani bankin Sin. Jirage 41 aka kawo. A farkon shekarar 2023, fiye da rabinsu suna ajiye, saboda kayan gyara ba su samuwa a ƙasar. Da jirage suka ragu, jira ya yi tsawo, cunkoso ya dawo cikin taragu. Masu tafiya da ƙafa su ma sun koka, don shingen da aka yi wa hanyar ya raba wasu unguwanni biyu, sai mutum ya yi zagaye kafin ya ƙetara. Duk da haka, dubban mutane ba su daina zuwa tasha kowace safiya ba.

Ma'anar kalmomi

Tarago: ɗakin jirgin ƙasa inda fasinja suke zama.
Madatsar ruwa: babban ginin da ke tare kogi.
Ƙaramin jirgin ƙasa na birni: da Faransanci ana ce masa tramway.

Tambayoyi

1. Me ya sa faɗaɗa hanya ba ya kawar da cunkoso?
2. Da me wannan jirgi yake tafiya?
3. Mutum 240 suna jira a tasha. Mota ɗaya tana ɗaukar 12. Mota nawa ake bukata?
4. Me ya tsayar da jirage da yawa a shekarar 2023?
5. Yaya mutanen garinku suke zuwa kasuwa? Ku rubuta jimla uku.