Ƙidayar Dogayen Benaye: Kwatancin Niyok da Hong Kong

Gabatarwa

A zamanin da ake fatauci da jakuna, matafiyin da ya doshi Kano tun yana nesa Dala da Gwauron Dutse ne suke fara yi masa maraba, daga baya badala ta bayyana. Wanda ya nufi Agadas kuwa hasumiyar masallacinta, mai tsayin mita 27, ita ce takan shaida masa cewa ya iso. Wato kowane birni yana da wata sura da yake zanawa a jikin sararin sama, wadda ake gane shi da ita tun kafin a shiga ƙofarsa. Hausa ba ta keɓe wa wannan abu kalma guda ba, saboda haka a wannan maƙala za a riƙa kiransa da surar birni.

A manyan biranen duniya na yau dogayen benaye ne suke zana wannan sura, kuma an daɗe ana musu a kan birnin da ya fi. Hanyar da aka fi bi wajen raba gardamar ita ce ƙidaya: a ƙirga benayen wannan, a ƙirga na wancan, mai yawa ya ci. Manufar maƙalar ita ce ta ɗora birane biyu a kan wannan sikeli, Niyok ta ƙasar Amurka da Hong Kong ta ƙasar Sin, domin a ga abin da ƙidayar take nunawa da kuma abin da take ɓoyewa.

Ma'aunin Ƙidaya

Kafin a ƙirga abu sai an san abin da ake ƙirgawa. A wurin Bahaushe duk ginin da aka ɗora wa wani a kansa bene ne, ko da hawa ɗaya ne. Masu lissafin gine-gine kuwa sun fi farawa daga mita 150, wato kimanin hawa 40 ko fiye. Domin mai karatu ya kintaci wannan tsayi, ginin NECOM da ke Legas, wanda aka gama a 1979, mita 160 ne, da ƙyar ya shiga sahu. Cocoa House na Ibadan kuwa, da aka gama a 1965, mita 105 ne, ba ya cikin lissafi ke nan.

Bisa wannan ma'auni, zuwa shekarar 2023 Hong Kong tana da benaye fiye da 500, Niyok kuma fiye da 300. Da a nan magana ta tsaya, da shari'a ta ƙare. To, amma idan aka ɗaga ma'aunin zuwa mita 300 sai labari ya sha bamban. A wannan tsayi benaye shida kacal Hong Kong take da su, Niyok tana da fiye da 15, sa'an nan Dubai, wadda take bayansu duka a lissafin farko, ta wuce gabansu da fiye da 25. Idan kuwa aka sauko da shi zuwa mita 100, Hong Kong ta zarce dubu, ta sake yi wa sauran fintinkau. Ashe wanda ya zaɓi ma'auni shi ne ya zaɓi gwani.

Shi kansa awon gini ɗaya ba a rasa gardama a kai ba. Sa'ad da aka gina tagwayen benayen Petronas a Kuala Lumpur, waɗanda aka kammala a 1998, an sami tsayinsu mita 452, alhali Sears Tower na Shikago, wanda yake riƙe da kambi tun 1974, mita 442 ne. Mutanen Shikago suka ce ba su yarda ba, domin rufin nasu ginin ya fi bisa, haka ma hawan ƙarshe da mutum zai iya zama a ciki. Abin da ya ɗaga Petronas shi ne tsinin da aka kafa a kansu, kwatankwacin zankon da maginan Hausa suke yi wa soro. Majalisar masana dogayen gine-gine da aka kafa a Amurka a 1969 ta yanke hukunci cewa zanko ɓangare ne na gini, a ƙirga shi, amma eriya ɗorawa aka yi, ba a ƙirga ta. Wannan hukunci ya buɗe wa masu gini wata ƙofa. Burj Khalifa na Dubai, wanda aka buɗe a 2010, mita 828 ne, amma wani lissafi da majalisar ta fitar a 2013 ya nuna cewa mita 244 na samansa ba wurin zama ba ne, ba na aiki ba. Wannan ɓangare shi kaɗai ya fi ginin NECOM tsayi nesa ba kusa ba.

Yadda Niyok Ta Miƙe

Ba a Niyok aka fara ba. Ginin da galibin marubuta tarihi suke ba wa lambar farko shi ne Home Insurance na Shikago, mai hawa 10, wanda aka gama a 1885, a lokacin da birnin yake sake gina kansa bayan babbar gobarar 1871. Abubuwa biyu ne suka sa irin wannan gini ya yiwu. Na farko shi ne ƙarangwal na ƙarfe wanda yake ɗauke nauyin gini, har bango ya zama mayafi kawai. Kafin wannan, duk hawan da aka ƙara sai an ƙara wa bangon ƙasa kauri, kamar dai yadda maginin ƙasa yake faɗaɗa gindin katanga. Na biyu shi ne lifta mai birki, wadda Elisha Otis ya nuna wa jama'a a Niyok a 1854. Ba domin ita ba, da babu mai biyan hayar ɗaki a hawa na goma.

Niyok ta karɓi dabarar ta mai da ita fagen gasa. Tsakiyar kasuwancinta a kan tsibirin Manhattan take, fili yana da tsada, kuma kowane babban kamfani yana so a hango sunansa daga teku. A 1913 aka gama ginin Woolworth, mita 241. Shekara biyu bayan haka aka gama ginin Equitable, wanda ya tashi sak daga bakin titi kamar garu, ya tsare wa maƙwabta hasken rana. Kukan da aka daɗe ana yi a kan irin wannan shi ya haifar da dokar tsara gari ta 1916, wadda ta ce idan gini ya kai wani tsayi dole ya ja da baya daga titi, in ya ƙara tashi ya ƙara ja, amma a kan rubu'in fuloti mai gini yana iya tashi iyakar ƙarfin aljihunsa. Wannan doka ce ta ba tsofaffin benayen Niyok siffar da aka san su da ita, faffaɗan gindi, kafaɗu kamar matakala, da siririn wuya.

Gasar ta kai maƙura a 1929. Wasu masu zanen gini biyu, William Van Alen da Craig Severance, waɗanda a da abokan sana'a ne kafin su ɓata, kowannensu yana gina abin da yake fata ya zama mafi tsayi a duniya: Van Alen yana gina Chrysler, Severance yana gina mai lamba 40 a titin Wall. Severance ya ƙara wa nasa tsayi har ya kai mita 283, ya saki jiki cewa ya gama da abokin hamayya. Ashe Van Alen ya sa an harhaɗa wani dogon tsini na ƙarfe a ɓoye a cikin kan ginin. A watan Oktoba aka zaro shi ta sama aka kafa, Chrysler ya zama mita 319. Murnar ba ta yi nisa ba, domin a ranar 1 ga Mayu 1931 aka buɗe Empire State, mai hawa 102 da tsayin mita 381, wanda aka gina cikin wata 13 da 'yan kwanaki. Abin lura shi ne, a wannan watan na Oktoba da aka kafa tsinin Chrysler ne kasuwar hannun jari ta rushe. Empire State ya buɗe ƙofa a tsakiyar fatarar da ta biyo baya, ya yi shekaru yawancin ofisoshinsa babu kowa, har mutanen gari suna yi masa ba'a da cewa fanko ne. Duk da haka ya riƙe kambin duniya kusan shekara 40, sai tagwayen benayen Cibiyar Ciniki ta Duniya suka karɓe, su ne waɗanda aka rusa a harin 11 ga Satumba 2001. Wanda aka gina a madadinsu, aka buɗe a 2014, mita 541 ne, wato ƙafa 1,776, an zaɓi adadin ne da gangan domin ya dace da shekarar da Amurka ta ayyana 'yancinta. Ko wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a Niyok tsayi magana ce ake faɗa wa duniya.

Yadda Hong Kong Ta Cika

Labarin Hong Kong daban ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Faɗin ƙasarta kimanin murabba'in kilomita 1,100 ne, mutanenta kimanin miliyan bakwai da rabi. Yawancin ƙasar duwatsu ne masu gangare, kusan kashi 40 cikin ɗari an keɓe shi a matsayin gandun da ba a gini, abin da aka gina a kai bai wuce kimanin rubu'i ba. Birnin ya matse ne a wani siririn zirin ƙasa tsakanin dutse da teku, wani ɓangaren ma cike teku aka yi aka samo shi. Bugu da ƙari, tun zamanin mulkin Ingila, wanda ya ƙare a 1997, kusan dukkan fili na gwamnati ne, haya take bayarwa, kuma kuɗin yana cikin manyan hanyoyin shigarta. Wanda ya biya maƙudan kuɗi a kan ɗan fuloti ba shi da hanyar fanshewa sai ya yi sama.

Akwai kuma wata gobara a tushen labarin. Bayan juyin mulkin ƙasar Sin na 1949, dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira sun kwararo, suka kafa bukkokin katako da kwano a jikin duwatsu. A daren 25 ga Disamba 1953 wuta ta tashi a unguwar Shek Kip Mei, kafin gari ya waye mutane fiye da 50,000 sun rasa matsuguni. Daga nan gwamnati ta shiga gina gidaje. Na farko benaye ne masu hawa shida ko bakwai, babu lifta, iyali guda a ɗaki guda, makewayi da famfo na tarayya. Da tafiya ta yi tafiya aka kai hawa 20, aka kai 40. Kusan rabin mutanen Hong Kong a gidajen da gwamnati ta gina suke zaune, wasu haya, wasu saye da rangwame. Wani abin mamaki shi ne, yawancin waɗannan benaye ba su kai mita 150 ba, saboda haka ƙidayar da ta ba Hong Kong lambar farko ba ta ma gan su ba. Waɗanda ta gani galibinsu gidajen kwana ne da 'yan kasuwa suka gina, jeri-jeri, biyar ko goma iri ɗaya a harabar guda.

A nan ne bambancin yake fitowa fili. Ginin 432 Park Avenue na Niyok, wanda aka gama a 2015, mita 426 ne, amma gidajen da suke cikinsa ba su kai 150 ba, kuma sai hamshaƙan attajirai. Bene guda na gwamnatin Hong Kong da bai kai sulusin wannan tsayi ba yana ɗauke da iyalai ɗaruruwa. A takardar ƙidaya na farko ya sami maki, na biyu bai samu ba.

Doka ma ta sa hannu. Filin jirgin sama na Kai Tak a tsakiyar Kowloon yake, jirage suna saukowa suna kusan shafar rufin gidaje, don haka an hana dogon gini a wannan gefe na mashigin ruwa. Da aka rufe filin a watan Yuli 1998 sai takunkumin ya sassauta. Gini mafi tsayi a Hong Kong, International Commerce Centre, mai mita 484, wanda aka gama a 2010, a Kowloon ɗin yake.

Abin da Ido Yake Gani

Gani ya kori ji, kuma ido ba ya ƙirga kamar alƙalami. Wanda ya hangi Manhattan daga ruwa zai ga tudu biyu na benaye, ɗaya a ƙarshen kudu, ɗaya a tsakiya, da kwari a tsakaninsu. An daɗe ana cewa dalilin kwarin shi ne fā na ƙarƙashin ƙasa ya yi zurfi a wurin, amma masanin tattalin arziki Jason Barr ya kawo hujja cewa kasuwa ce ta bi masu kuɗi zuwa arewa, ta tsallake unguwannin talakawa da masana'antu. Ko wanne ne gaskiya, ana gane Niyok da ɗaiɗaikun gine-ginenta. Ko inuwar Empire State ko Chrysler aka zana, an san gari. Hong Kong kuwa, in aka ɗauke Bank of China mai siffar gorar da aka fafe, wanda aka gama a 1990, da wasu 'yan kaɗan, sauran benayenta sun saje da juna kamar karan dawa a gona. Abin da yake ba ta kwarjini shi ne cunkoson gaba ɗaya, da ruwa a gabansa, da dutsen Victoria mai mita 552 a bayansa.

Akwai ma biranen da ƙidaya za ta jefa can ƙasa alhali surarsu ta fi ta kowa shahara. Faris ta gina Montparnasse, mita 210, a 1973, mutanen gari suka ƙi jininsa, a 1977 aka kafa dokar da ta tsai da sababbin gine-gine a mita 37, dogayen benaye suka koma unguwar La Défense a bayan gari. Wannan hani ne ya bar hasumiyar Eiffel ta 1889 tana tsaye ita kaɗai. Ita ma Hong Kong ta fahimci cewa dutsen nan rabin surarta ne. Ƙa'idojinta na tsara gari suna neman a bar wani kaso na saman duwatsun a buɗe, yadda mai kallo daga wasu zaɓaɓɓun wurare a gaɓar Kowloon zai ga doron dutse a bisa kan benaye. Wato birnin da ya fi kowa yawan dogayen gine-gine yana auna sabon bene da dutsen da yake bayansa kafin a ba shi izinin tashi.