DARASIN ƘUNGIYA: YADDA ZA KU ƊAUKO MAI BINCIKEN LISSAFI DAGA WAJE



Darasinmu na yau ya shafi kuɗi da hatsin da kuka tara tare cikin ƙungiya. Ko bankin cimaka gare ku, wanda wasu ke kira rumbun tsimi, ko ƙungiyar masu albasa irin na fadamar Tamaske da Keita, ko kantin taki da iri, magana ɗaya ce. Dukiyar ta mutum ɗari ce, makulli kuwa yana hannun mutum biyu ko uku. Wa zai duba muku? Wanga darasi zai nuna muku yadda ake ɗauko baƙo masanin lissafi, ya zo daga Tawa ko wani birni, ya duba, ya faɗa muku abin da ya gani.

1. DON ME AKE NEMAN BAƘO?

Dattawa suna tune da zamanin UNCC, hukumar bashi da gama kai da gwamnati ta kafa a 1962. A lokacin, ma'aikatan hukuma ne ke bin garuruwa suna duba takardun ƙungiya, ba ku kuka kira su ba, ba ku ke biyan su ba. An rushe UNCC a 1984. A 1996 aka yi doka wadda ta bai wa manoma ƴancin kafa ƙungiyoyinsu da kansu. Ƴanci ya zo da nauyinsa: yanzu in ba ku nemi bincike ba, ƙungiya tana iya shekara biyar ba wanda ya buɗe kayenta.

Za ku ce: ai muna da kwamitin sa ido. Gaskiya ne, kuma yana da amfani. Amma ku duba su wane ne a ciki. Wannan surukin ma'aji ne, wancan maƙwabcin shugaba ne, na ukun kuma bara ya ci bashin tiya goma bai biya ba. Wa zai iya cewa da yayansa: buɗe akwati in ƙirga? Kunya ta hana, zumunta ta hana. Baƙo ba ya da gona a garinku, ba ya neman aure a garinku, gobe zai hau babur ya tafi. Shi ya sa bakinsa yake iya faɗin abin da naku ba ya iyawa.

Kada ku ɗauka binciken don kama ɓarawo kaɗai ake yin sa. Na san wani gari arewa da Tawa inda aka yi shekara biyu ana zargin mai riƙon mangaza da cin hatsi. An daina gaisawa da gidansa. Da aka duba takardu, sai aka tarar bashi ne shugabanni suka bayar da baki a lokacin yunwa, ba a rubuta ba. Mutumin ya fita, amma bayan an ɓata masa suna. Da ana bincike kowace shekara, da ba a kai nan ba. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma sai an samu mai nuna gaskiyar a gaban jama'a.

2. ABIN DA DOKA TA CE

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na Afirka da suka haɗa dokokinsu na kasuwanci ƙarƙashin OHADA. A ran 15 ga Disamba 2010, a birnin Lome, aka amince da dokar ƙungiyoyin gama kai, ta fara aiki a 2011. Dokar ta raba ƙungiyoyi gida biyu.

Akwai ƙaramar ƙungiya mai sauƙin tsari, SCOOPS, wadda mutum 5 ke iya kafawa. Ita doka ba ta tilasta mata ɗaukar mai bincike daga waje ba, amma ba ta hana ta ba.

Akwai babbar ƙungiya mai majalisar gudanarwa, COOP-CA, wadda ke farawa daga mutum 15. Idan mambobinta suka wuce 1,000, cinikinta na shekara ya wuce sefa miliyan 100, jimlar dukiyarta ta wuce miliyan 5, dole ta naɗa mai binciken lissafi mai izini, wanda takardun Faransanci ke kira komisar o kwant. Babban taron mambobi ne ke naɗa shi, na tsawon shekara 3. Masu wannan izini suna cikin rajistar ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa.

Yawancin ƙungiyoyin ƙauyukanmu ƙanana ne, ba su kai wancan mataki ba. Su abin da ya dace da su shi ne akanta mai gaskiya wanda ya san aikin karkara. Amma ku riƙe abu ɗaya daga dokar, don ya shafi babba da ƙarami: taron mambobi ne ke zaɓen mai bincike. Wanda za a bincika ba shi ne zai zaɓo mai binciken sa ba.

3. YADDA AKE ZAƁEN SHI

Taro ya wakilta mutum uku waɗanda ba su riƙe kuɗi, ba su riƙe makulli, a sa mace aƙalla guda. Su tafi Tawa. Ranar Lahadi ta kasuwa motoci sun fi samuwa, amma biro ba ya buɗe sai Litinin, don haka su yi shirin kwana. Su nemi shawara a gidan gona, wajen masu kula da ƙungiyoyin manoma, da kuma majalisar manoma ta jiha, wato CRA. Su samo suna biyu ko uku, kada su tsaya ga ɗaya.

Ga tambayoyin da za su yi wa kowane:

Wace ƙungiya ka taɓa bincikawa? In ya faɗi gari, a aika a tambayi mutanen garin.

Kana da dangi, ko suruki, ko abokin ciniki cikin shugabanninmu? In akwai, a bar shi, ko da shi ne gwani.

Kana saye ko sayar da hatsi, albasa ko taki? Ɗan kasuwa da ya san abin da ke cikin mangazarku ya san ranar da zai karya muku farashi.

Kana jin Hausa sosai? A garuruwan da ake da Buzaye cikin ƙungiya, a tanadi mai fassara da Tamajak wanda jama'a suka yarda da shi.

Kai da kanka za ka zo, ko yaro za ka aiko? Wanda ya ce ku kawo masa kaye birni ya duba a biro, ku gode masa ku wuce. Takarda ba ta nuna buhun da ƙwari suka cinye. Sai an zo an gani da ido.

4. KUƊIN AIKI DA KUƊIN HANYA

Mai tafiya kuɗi biyu gare shi: ladan aikinsa, da kuɗin hanya, wato esansi ko kuɗin mota, da abinci, da masauki. A raba su a rubuce tun kafin ya taso. A rubuta kwana nawa zai yi, shekarar da zai bincika, da ranar da zai kawo sakamako. Takarda biyu, ɗaya gare shi, ɗaya gare ku, da sa hannun shaidu.

Kuɗin hanya shi ke kashe wa ƙananan ƙungiyoyi gwiwa. Maganinsa haɗa kai. A ce zuwa da komawa da kwanaki sun ci jika 60. Gari ɗaya ba zai so ya fitar da wannan ba. Amma in gari shida da ke kan hanya ɗaya suka shirya, misali na yankin Kalfu, ko na Barmu, ko na Bambai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin tafiya guda, kowane jika 10 ya kama shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kiyaye ƙa'idodi huɗu:

Na ɗaya: a biya shi daga asusun ƙungiya, da yardar taro, a karɓi resi. Kada shugaba ya ce zai biya daga aljihunsa don taimako. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Na biyu: a ba shi rabi in ya zo, sauran rabi sai ya karanta sakamako gaban jama'a.

Na uku: kada a ce za a ba shi kaso cikin kuɗin da ya gano sun ɓace. Wanda aka yi wa haka zai ga ɓata ko inda babu.

Na huɗu: kada ya sauka gidan shugaba, ko na ma'aji, ko na mai mangaza. A nema masa ɗaki wajen malamin lakkwal ko inda mai gari ke sauke baƙi. Mu Adarawa mun san karamci, baƙo ba ya kwana da yunwa a garinmu. To, a ba shi fura da tuwo da sunan ƙungiya. Amma rago, ko buhun albasa, ko zabi a ɗaure bayan babur ranar tafiya, wannan babu. Wanda ya ci naman gidanka da dare, da safe idonsa ba zai iya kallon kayenka da kyau ba.

5. YAUSHE ZAI ZO?

Lokaci mafi kyau shi ne bayan kaka, cikin Disamba ko Janairu, sa'ad da an gama sayen hatsi, mangaza ta cika, hanya ta bushe. Lissafin shekara yana rufewa ran 31 ga Disamba, kuma doka ta ce a yi babban taro cikin wata 6 bayan rufewar. In da hali, ya sake leƙowa cikin Oktoba, bayan an gama sayar da hatsin damina. Cikin Yuli da Agusta kada ku sa rana, koramun Adar suna yanke hanya, kuma kowa yana gona.

Ku tuna samari da magidanta da yawa suna tafiya biɗa da an gama girbi, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Wanda ba ya nan ya bar wakili. Mata su zo taro da kansu, don su ne ke zuwa da kwano ƙofar mangaza in rumbu ya ƙare.

6. ABIN DA ZAI YI IN YA ZO

Kafin ya sauke jaka, ya fara da ƙirga kuɗin akwati, gaban ma'aji da shaidu biyu. In aka bari sai gobe, mai giɓi zai ranto kuɗi da dare ya cike, jibi ya mayar.

Sannan ya shiga mangaza. Ya ƙirga buhu ɗaya-ɗaya, har na can ƙurya. Ya zaɓi wasu ya aza a sikeli, ya soke wasu ya ga ko hatsi ne ko ƙaiƙayi.

Sannan ya ɗauki kayen kuɗi, kayen mangaza, kayen bashi, da resi duka, har da shaidar kuɗin da aka aika ta waya. Ya gwada su da juna.

Sannan ya bi masu bashi gida-gida, ya tambayi kowa: an rubuta maka tiya ashirin, haka ne? Nan ake gane bashin da aka rubuta da sunan wanda bai karɓa ba.

Ga misali, ku lissafa tare da ni. Ƙungiya ta sayi buhu 200 na hatsi. Buhun kilo 100 yana ba da tiya 40. Kaye ya nuna an sayar da tiya 6,000, wato buhu 150, an ba da bashin buhu 20. Ya kamata a tarar da buhu 30. Mai bincike ya ƙirga ya samu 26. Ina buhu 4? Mai gaggawa zai ce sata. Mai bincike na kirki zai sa a buɗe buhu guda, mai awo ya auna yadda ya saba. In yana tsororo da yawa, yana ƙara gyara da hannu, buhu zai ba da tiya 39. Tiya guda cikin kowane buhu, sau 150, ta zama tiya 150, kusan buhu 4 ke nan. Ba wanda ya saci komi, amma abincin gidaje ya zube a bakin tiya. Maganin wannan gyaran awo ne. In kuwa buhu ya ba da 40 cif, to sai mai makulli ya yi bayani.

7. SAKAMAKO NA JAMA'A NE

Ranar da zai gama, a yi shela. Ya tsaya gaban taro ya karanta da Hausa: kuɗin da ya kamata a samu da wanda aka samu, buhun da ya kamata a samu da wanda aka samu, bashin da ke waje, da gyaran da yake ba da shawara. Kowa yana da ikon tambaya. Wanda lissafi ya taɓa a ba shi dama ya yi magana kafin a yanke komi.

Mai bincike ba alƙali ba ne, ba jandarma ba ne. Aikinsa ya nuna giɓi, ya nuna inda ya fito. Taro ne zai yanke ko a biya, ko a sake shugabanni, ko a kai magana gaba. Ya bar muku sakamakon a rubuce, kwafi biyu, ɗaya wajen magatakarda, ɗaya wajen kwamitin sa ido. Baɗi, abu na farko da zai duba shi ne ko an yi gyaran da aka ce bana.

Waɗanda suka ga 1973, da 1984, da 2005 sun san abin da mangaza cike take nufi ranar da rumbu ya zama wayam, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Kuɗin mai bincike bai kai na buhu kaɗan ba. Rashinsa yana iya cinye mangaza duka, ya haɗa da zumuntar gari.

TAMBAYOYI DON ZAMAN SAURARE

1. Yaushe rabon da a ƙirga kuɗi da buhunan ƙungiyarku a gaban jama'a?
2. Waɗanne garuruwa ne kusa da ku da za ku iya raba kuɗin hanya da su?
3. In baƙon ya zo gobe, ina za ku sauke shi?
4. Ku auna buhu guda da tiyar mangazarku. Tiya nawa ya bayar?

Ku tattauna, magatakarda ya rubuta amsoshinku, ku ba malamin gona na yankinku ya kawo mana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amana.