Asalin Kalmar "Alphabetically"

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya fita gwajin koyarwa ya san wannan kalma, gama da ita a kan umurce mu mu jera sunayen yara cikin rajista. Ma'anarta ita ce bisa jerin haruffa, daga A zuwa Z. Tana cikin kalmomin da ke nuna yadda aka yi abu. Haruffanta 14 ne, yara kuwa su kan sha wuya wajen rubuta ta. Maganin wannan shi ne malami ya san asalinta, ya yanka musu ita gunduwa biyar.

Gunduwa ta fari da ta biyu, alpha da beta, sunayen haruffa biyu ne na farko a Helenanci, watau harshen ƙasar Girka. Romawa suka ari kalmar da aka haɗa da su, ta zama alphabetum a Latin. Helenawa suna da wani harafi da Romawa su ke rubutawa da ph. Dalili ke nan da ya sa ba a sa f a nan, kamar yadda ba a sa shi a telephone.

Ta uku, ic, daga Helenanci ikos ta fito. Ta huɗu, al, daga Latin alis. Dukansu suna nufin abin da ya shafi kaza. Ta biyar, ly, ita kaɗai ce 'yar gida, daga tsohon Turancin Ingila. To, ku lura, al ta ƙare da l, ly kuma ta fara da l. Shi ya sa a ke rubuta l biyu.

Su Helenawan ma aro suka yi. Wajen shekara 800 kafin haihuwar Almasihu suka karɓi haruffa daga mutanen Finikiya, masu biranen Taya da Sidon. A harshensu alef sa ne, bet kuwa gida. Alif da ba na allo daga tushen nan su ke, haka ma baiti na waƙa, wanda asalinsa a Larabci gida ne. Ashe yaron da ya yi makarantar allo ya riga ya san kan kalmar tun bai shiga aji ba.

Saboda haka, kada mu ce wa yara su haddace kurum. Mu rubuta gunduwoyin nan biyar a allo, sa'an nan mu ba su grammatically da mathematically su gwada yankawa da kansu.