Amsoshin Tambayoyinku: Baƙin Tabo a Cikin Baki

Wata mai sauraronmu daga Damagaram ta tambaya ko baƙin tabon da ta gani a dasashinta zai iya zama ciwon daji.

Malama, ki kwantar da hankalinki. Duhun dasashi halitta ne ga yawancin baƙar fata, kuma shan taba, cikon haƙori na ƙarfe da daɗewa ana shan kulorokwin duk suna kawo shi. Sankarar da ake kira melanoma ba kasafai take fitowa a baki ba, amma muguwa ce, ta fi kama ganɗa da dasashin sama, kuma da farko ba ta zafi. In tabon sabo ne, yana ƙara faɗi, ya kumbura ko yana jini, don Allah ki garzaya wurin likitan haƙori a gutsuri naman a auna.