Farautar Barewa a Amurka: Ƙaho Ke Cin Kuɗi, Nama Na Da Sauƙi

Wanda ya zauna a bayan garin Columbus, ko Greensboro, ko Harrisburg, ya san barewa ba abin nema ba ce a Amurka. Tana cinye furannin ƙofar gida, tana tsallaka titi da magariba, a watan Nuwamba kuwa gawarwakinta ne birjik a gefen hanya inda motoci suka kaɗe su. Masu farar wutsiya kaɗai an ƙiyasta sun kai wajen miliyan 30. To, ɗan'uwanmu da ya tashi cikin mafarauta, ga shi yana sayen naman halal da ɗan karen tsada, dole wata rana ya tambayi kansa: nawa zan kashe in shiga daji in harbo tawa? Mutum na iya gama shekarar farko da dala 1,000, wani kuma ya zubar da 10,000 a mako guda. Abin da ya raba su shi ne abin da kowa ya fita nema, nama ko ƙaho.

Ba'amurken da ke ɓarin kuɗi a farauta galibi kishimi yake bi, ƙato mai rassan ƙaho da zai rataye kansa a bangon falo. Wannan rububin ne ya tada farashin hayar daji, shi ya sa farautar kwana biyar da ɗan jagora a Illinois ko Kansas ke cin dubban daloli. Ta-macen barewa kuwa ba mai ja da kai a kanta. Hukumomin namun daji a jihohi da yawa so suke a rage ta, tunda ita ke haihuwa, manoma ma sun gaji da ɓarnar da take yi wa masara da waken suya. In nama ya kai ka, ka tsayar da zuciyarka a kan ta-mace tun yanzu.

Kafin maganar kuɗi akwai maganar takardu, kuma nan ne baƙo ya fi saurin jefa kansa cikin masifa. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya mallakar bindiga bisa sharuɗɗan jiharsu. Wanda ya shigo da bizar karatu, ko ta aiki, ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga da harsashi sai da wasu dalilai ƙalilan, ɗaya daga ciki shi ne ya zama yana da lasisin farauta mai rai. Ke nan lasisi ne farko, bindiga daga baya, kuma ranar da lasisin ya mutu, kariyar ta mutu tare da shi. Wanda takardunsa ba su cika ba, kada ma ya karɓi ta aboki da sunan gwaji. Laifi ne da ke kai mutum kurkuku, daga can a tasa ƙeyarsa gida. Mazauna birnin New York, har da 'yan'uwa na Bronx, su sani cewa ko doguwar bindiga sai da izinin 'yan sandan birnin. Shawarar lauyan shige da fice ta awa guda ta fi duk abin da za a gaya maka a majalisa.

Lasisin kansa ba shi da tsada ga mazaunin jiha. A 'yan shekarun nan ɗan Texas na biyan dala 25, baƙo daga wata jiha ya biya 315. A Pennsylvania mazauni na biyan ɗan sama da dala 20, a ciki akwai izinin kishimi guda, kowane tikitin ta-mace kuma bai kai dala 10 ba. Ka kwatanta da Iowa, inda baƙo mai neman babban kishimi kan yi shekaru yana tara maki kafin ƙuri'a ta faɗo kansa, sannan ya biya fiye da dala 500. Saboda haka ka yi farauta a jihar da kake zaune. Kowace jiha tana da nata ma'aunin wane ne mazauni, a Texas wata shida ne, kuma ƙarya a nan laifi ce mai zaman kanta. Za a nemi lambarka ta soshiyal (Social Security). Za a kuma nemi shaidar ka yi kwas ɗin koyon farauta. A Texas ya wajaba a kan duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau, sauran jihohi na da irin wannan ƙa'ida. Kwas ɗin kyauta ne ko kuɗi kaɗan, wani ɓangarensa a intanet ake yi.

Kayan aiki ba sai an daɗe a kansu ba. Bindiga mai sauƙin kuɗi irin Savage Axis ko Ruger American, da madubin saitinta, tana kamawa tsakanin dala 400 da 700, kuma barewa ba ta san bambancinta da ta dala 3,000 ba. Sai dai ka karanta littafin dokokin jiharka kafin ka shiga shago, domin Ohio da Iowa da Illinois sun ƙayyade irin harsashin da ake harbin barewa da shi, California kuma ta hana harsashin dalma tun 2019. Ƙara kwali biyu ko uku na harsashi don koyon saiti, wuƙa mai kaifi, takalmi mai tsare sanyi, riga da hula ruwan lemo masu ƙyalli waɗanda jihohi da yawa suka wajabta lokacin farautar bindiga, da firiza. Tufafin sajewa da daji da turaren ɓoye wari da kyamarorin daji, ka bar wa masu neman ƙaho. In za ka hau kujerar da ake ɗaurawa a bishiya, kada ka yi rowar ɗamarar tsaro: faɗowa daga bishiya ta fi harsashi raunata maharban barewa. A cikin kuɗin bindiga da harsashin nan akwai harajin kashi 11 cikin ɗari wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware wa hukumomin namun daji na jihohi, da shi ake saye da kula da dazukan da za ka shiga.

Yanzu sai babbar magana, wato ina za ka tsaya ka yi harbin. A Amurka barewa ta jama'a ce, amma ƙasar da take takawa tana da mai ita, kuma lasisi bai ba ka ikon taka gonar kowa ba.

Hanya mafi arha ita ce dajin gwamnati. Gwamnatin tarayya na riƙe da wajen eka miliyan 640, hukumar filaye ta BLM na kula da kimanin miliyan 245, hukumar gandun daji miliyan 193, kuma mafi yawansu a buɗe suke ga mai lasisi. Matsalar ita ce galibinsu a yamma suke, Nevada da Idaho da Utah da Wyoming, nesa da inda yawancinmu ke zaune. A gabas jiha ce abin dubawa. Pennsylvania na da wajen eka miliyan 1.5 na dajin farauta mallakar hukumarta, North Carolina na kula da kimanin miliyan 2. Texas kuwa, duk girmanta, kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasarta a hannun masu zaman kansu take, amma da takardar dala 48 a shekara ana shiga fiye da eka miliyan guda, ko da yake ba ko'ina a ciki aka yarda da harbin barewa ba. Wasu jihohi kuma biyan manoma suke yi don su buɗe gonakinsu ga mai shiga da ƙafa: Kansas na da shirin da ya haura eka miliyan guda, Montana da North Dakota na da nasu.

Kuɗin da ba ka biya a dajin gwamnati ba, da ƙafa za ka biya shi. Ranar buɗe farauta, irin Asabar ɗin da ke zuwa kafin bikin godiya (Thanksgiving) a Wisconsin, wurin ajiye motoci cike yake, ko'ina ka duba rigar ruwan lemo ce. Yawancin mutanen nan ba sa nisa da motarsu. Ka shiga ciki sosai, ka haye rafi ko tudun da wasu ke ƙyashin hawa, ka zo tsakiyar mako in aiki ya bari. Amma ka tuna duk nisan da ka yi, haka za ka ja gawa ka dawo da ita. Ka je tun bazara ka ga sawu da kashi da wuraren kwanciya, ka san iyaka. Manhajar onX Hunt tana nuna iyakokin filaye da sunayen masu su a kan 'yan gomman daloli a shekara, taswirar ofishin harajin gunduma kuma kyauta ce a wurare da yawa. In ka ga fentin shunayya a jikin bishiya ko turke a Texas, Missouri, Illinois ko Pennsylvania, hani ne da doka ta sani, daidai yake da allon da aka rubuta kada a shiga. Ko barewar da ka harba ce ta tsallaka ta faɗi a can, a jihohi da yawa sai ka nemi izinin mai fili kafin ka ɗauko ta.

Hanya ta biyu ita ce roƙon manomi, kuma a ganina ita ta fi dacewa da mai neman nama. Lamarin kamar neman aron gona ne a gida: da wanda ya san ka ake zuwa. Abokin aiki, maƙwabci, mai gyara maka mota, wani cikinsu yana da kawu mai gona. In babu, ka je da kanka da rana tsaka, watanni kafin lokaci, cikin kayan gida, ba bindiga a mota. Mu da fatarmu da harshenmu suka nuna baƙi ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙauyen da ba a saba ganinmu ba. Ka faɗa masa kai tsaye cewa mata kawai za ka harba, ƙaho ka bar wa 'ya'yansa da abokansa. Wannan jimlar ta fi kowace buɗe ƙofa. In ya nuna tsoron kada ka ji ciwo ka kai shi kotu, ka tuna masa kowace jiha na da dokar da ke rage alhakin mai filin da ya bari aka shiga ba tare da ya karɓi kuɗi ba. Za a ce maka a'a sau da yawa. Ka yi godiya ka wuce gaba. Wanda ya ce to, ka karɓi izini a rubuce (a Ohio wajibi ne ka riƙe takardar a jikinka), ka rufe duk ƙofar shingen da ka buɗe, kada ka bi shuka da mota, kuma kada ka kwaso abokai. Izinin mutum ɗaya da ya zama na mutum biyar shi ke rufe gona har abada. Ka kai masa cinya, ka zo taya shi gyaran shinge da bazara.

Haya ita ce ta uku. A kudu kamfanonin katako irin Weyerhaeuser da Rayonier na ba ƙungiyoyin maharba hayar dazukansu shekara-shekara, kuɗin kuma a kan kowace eka ake yanka shi. Ƙasar noma ta tsakiyar Amurka, mai manyan kishimai, ta ninka dajin katako tsada. A ƙaddara eka 500 a kan dala 15, dala 7,500 ke nan, mutum goma kowa ya kawo 750, ban da inshora da abin da za a shuka wa barewa. Ta-mace babba na ba da tsokar da ba ta wuce wajen kilo 20 ba. Yi lissafin da kanka, ka ga ko mahauci bai fi maka sauƙi ba. In duk da haka ka ga za ka shiga, kada ka tura sisi ga mai talla a Facebook sai ka taka filin da ƙafarka, ka tabbatar mai bayarwa shi ne mai shi. A rubuta mutum nawa ne, wa ke da izinin kawo baƙo, mata nawa aka yarda a harba, da ko za a sare itatuwa a tsakiyar lokacin farauta.

Abubuwa da dama da maharbin gida ya saba da su haramun ne a can. Ba a harbi da dare da fitila. A yawancin jihohi daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa faɗuwarta ko rabin awa bayanta. Kora da karnuka sai a wasu sassan kudu maso gabas. Cinna wa daji wuta kuwa ba a ma maganarsa. Naman barewar daji ba a sayar da shi, ko da kilishi ka mayar da shi, kyauta dai ka yi yadda kake so. Da ta faɗi ka cika tikitinta, ka kai rahoto yadda jiharka ta tsara. Malamin daji yana iya ƙwace bindiga, kuma wanda aka dakatar a jiha ɗaya, sauran jihohi na da yarjejeniyar bin sawunsa.

Ga Musulmi, abin da malamai suka karantar sananne ne: a yi bisimilla lokacin sakin harbi, in an same ta da sauran rai a yanka. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin masu gyaran nama. Suna karɓar wajen dala 100 zuwa 150 a kan barewa guda, kuma da yake namanta ba kitse, al'adarsu ce su haɗa niƙaƙƙensa da kitsen alade. Wasu ma sukan gama naman maharba da yawa a injin guda su raba da awo. Ka tambaya tun kafin ka sauke ta daga mota. Wanda ya taɓa feɗe ragon layya bai da dalilin biyan wannan kuɗin, tebur da wuƙa da ledoji sun ishe shi. Sai dai ka duba ko yankinka na da cutar CWD, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar barewa, aka fara gano ta a Colorado a 1967, yanzu ta bazu fiye da jihohi 30. Hukumar lafiya ta CDC ta ce a gwada naman da aka harbo a irin wuraren nan, kuma kada a ci wanda ya kamu. Girki ba ya kashe ta. A irin wannan yankin masu son ƙwaƙwalwa da romon kai sai su haƙura, kuma jihohi da yawa sun hana fita da kai da ƙashin baya daga inda cutar take.

Kada ka yi wa uwargida alkawarin nama a shekarar farko, domin a jihohi da dama fiye da rabin masu lasisi hannu Rabbana suke gama lokacin. Abin da ke hannunka shi ne ka fara da wuri. Kujerun kwas ɗin farauta kan ƙare da zarar kaka ta gabato, tikitin ta-mace a Pennsylvania tun ƙarshen Yuni ake fara sayar da shi kuma na wasu yankuna kan ƙare, manomi ma ya fi sauraron baƙo kafin aikin girbi ya sha kansa.